Ayarin ƴan kwale-kwale a tsibiran Bréhat

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Kotonu ko Lome fiton kaya ya ga teku, amma fa bai gama ganin halinta ba. A can, tsakanin cikarta da janyewarta bai kai mita biyu ba. A arewacin lardin Bretagne kuwa, can yammacin ƙasar Faransa, akwai ranakun da ruwa ke hawa fiye da mita 10, sa'an nan ya sauka, sau biyu a kwana guda. Inda jirgi ya ratsa da hantsi, da la'asar sai a tarar da yara suna tsintar ƙaguwa bisa yashi.

Wannan gaɓa ce, kusa da garin Paimpol, ƙungiyoyin masu tuƙa kayak suka mayar wurin yawonsu. Kayak wani siririn kwale-kwale ne na mutum guda, tsawonsa kamar mita 5, fāɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba, rufe yake ruf in banda ramin da mai tuƙi ke zama, filafilinsa kuma baki biyu gare shi. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Groenland da arewacin Kanada, waɗanda ke ɗinka fata bisa itace da ƙashi don farauta. Na yau da roba ake yin shi ko da zaren gilashi, kuma masu shigarsa malaman lakkol ne, da ma'aikatan asibiti, da tsofaffin da suka aje aiki.

Lokacin tashi ba shugaban ƙungiya ke yanke shi ba, wata ne. Ruwa ya fi hauka ƴan kwanaki bayan tsayuwar wata da bayan daren sha huɗu. Ma'aikatar sojan ruwa mai auna teku, wato SHOM, ita ke fitar da jadawalin cika da janyewa, kowace cika da lambar ƙarfinta, daga 20 zuwa 120. Ruwa kan yi wajen awa shida yana hawa, amma ba da sauri guda ba: rabinsa duka a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. A lokacin nan, cikin mashigin da ke tsakanin duwatsu, teku kan koma kogi mai gudun da ya fi ƙarfin dantsen mai tuƙi. Ma'aikacin da ya saba isa wurin taro da lattin rabin awa ba zai ji daɗin wannan jama'a ba. In an ce ƙarfe 9 da minti 40, to, ba a nufin ƙarfe 10.

Daga bakin ruwan Loguivy ko na tsinin Arcouest ake turawa. Kafin a taɓa ruwa sai an yi da'ira a kan yashi, shugaba ya shimfiɗa taswira, ya faɗi iskar da ake zato, da hanyar da za a bi, da wurin fakewa in al'amari ya ɓaci. Sa'an nan ya ƙirga kawuna. Wanda ya san labarin fatake ba zai ga baƙon abu a nan ba: akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai kuma wani gwani a can baya wanda ba ya yarda kowa ya zama bayansa. Tafiyar kuwa da saurin mafi rauni ake yin ta, abin da ke ƙona ran samari masu jini a jika.

Hukuma ma ta sa baki. Kwale-kwalen da bai kai mita uku da rabi ba, dokar Faransa ta ɗauke shi abin wasan bakin ruwa, ba ya wuce mita 300 daga mafaka. Wanda ya fi haka yana iya kai mil biyu na teku, kusan kilomita huɗu ke nan, in kuma an yi masa rajista an cika kayan da doka ta ce, har mil shida. Kowa da rigar da ke hana nutsewa, shugaba kuma da igiyar ja da ƴar rediyo mai kiran masu ceto ta layi na 16.

Mashigin Ferlas, wanda ya raba Bréhat da babbar ƙasa, shi ne jarrabawa. Jirgin fasinja minti goma yake yi ya ƙetare. Mai kayak kuwa ba ya dosar inda za shi kai tsaye: sai ya karkata hancin jirginsa wajen da ruwa ke fitowa, ya yi ta tuƙi, ruwan na gusar da shi a kaikaice har ya faɗa inda yake nufi. In iska ta yi karo da gudun ruwa, igiyoyi kan miƙe gajeru masu tsini, a nan ne sabon shiga ke kifewa. Abin tsoro ba zurfi ba ne, sanyi ne. Ko a watan Agusta ruwan nan da ƙyar yake kai digiri 18, a farkon shekara kuwa wajen 10 ne, cikin ƴan mintoci yatsu sun ƙage, mutum ba ya iya riƙe ko igiya. Saboda haka ba a tsayawa shawara. Mafi kusa ya kama hancin jirgin da ya kife, ya ɗora bisa nasa ya tsiyaye ruwan, ya daidaita shi gefe da gefe ya danne da ƙirji, wanda ke cikin ruwa ya ja ciki ya hau. Sauran su haɗa jiragensu wuri guda, kada a ceci ɗaya a nemi biyu. Duk lokacin sanyi wannan aikin suke maimaitawa cikin wurin wanka na gari, har ya zame musu jiki.

Wanda ya ƙetare ya ga abin da ya biya wahalarsa. Duwatsun Bréhat ja-ja ne kamar an shafa musu jan kanwa, sun watsu cikin ruwa ba iyaka, kayak kuma na ratsa lungunan da babban jirgi ba ya kusanta. Wani lokaci wata dabbar teku mai kama da ayu, wadda Faransawa ke kira fok, takan ɗago kai ta bi ayarin da kallo. A yammacin tsibirin akwai tsohon injin niƙa na Birlot, na ƙarni na 17, wanda ke tare ruwa in teku ta cika, ya sake shi in ta janye, don ya juya dutsen niƙa. Mota ba ta yawo a tsibirin, sai keke da tarakta. Tun 1907 aka sa shi cikin wuraren da hukuma ke karewa, shi ne na farko a Faransa, kuma a 2023 yawan baƙi ya sa magajin garin ya ƙayyade masu shiga a ranakun aiki na tsakiyar lokacin hutu, kada su wuce 4.700.

Amma ba kullum ake isa ba. Sau da yawa mutane sun tuƙo mota awa biyu, sun sauke jirage, sai madugu ya dubi farin kumfa a mashigin ya ce a mayar da kaya. Akan yi gunaguni, ba a dai musu. A ganin mai hankali wannan ikon cewa a'a shi ne mafi tsadar abin da ɗan ƙungiya ke saye da kuɗin shekararsa, ya fi aron jirgi, ya fi koyon tuƙi.

Hanyar komawa Paimpol ta ratsa ƙauyen Ploubazlanec. Daga 1852 zuwa 1935, mazan wannan yanki kan tafi kamun kifi har ruwayen Islande, su yi wata shida ba a ji ɗuriyarsu ba. Wajen mutum 2.000 ba su dawo ba. A maƙabartar ƙauyen akwai wani dogon bango da aka jera wa alluna, shekara bayan shekara, da sunan kowane jirgin da ya ɓace da mutanen da ke cikinsa. Babu kabari ƙarƙashin allunan. Nan kusa, a kan tudu, ga gicciyen dutse da ake kira na matan da mazansu suka mutu, inda suke tsayawa su zuba wa teku ido. Ta nan motar ƙungiya ke wucewa da maraice, jirage takwas ko goma ɗaure a bayanta, ruwan gishiri na ɗiga bisa kwalta.