Ƙofar da Ba Ta Hannunsa

Akwai wani saurayi a Kumbotso wanda wansa ya tafi neman abinci Jidda. Gaisuwar waya ba ta ishe su zumunci ba, sai suka yi alkawarin buga ƙwallo ta intanet kowane daren Juma'a, kowa da PlayStation tasa. Amma da sun shiga fili sai wasan ya tsinke.

Aka ce masa laifin na'urar rarraba intanet ta gidansu ne. Watau tana da katangar tsaro mai ƙofofi 65,535, kuma ba ta barin baƙon saƙo ya shigo sai wanda aka kira daga ciki. Maganin abin, wai ya buɗe ƙofa ta 3478 da ta 3479, ya umarce ta da ta miƙa wa na'urar wasan duk abin da ya ƙwanƙwasa nan. Ya yi hakan, kwana uku yana fama, shiru kake ji.

Ashe saboda ƙarancin adireshin intanet irin na da, wanda babban rumbunsa ya ƙare a 2011, kamfanonin waya kan cusa ɗimbin masu layi a adireshi guda, bayan wata katanga tasu. Wannan kuwa mai gida ba shi da mabuɗinta.

Abin mamaki, mahaifinsa ne ya riga shi ganewa, mutumin da ya shekara ashirin yana noman alkama a Bunkure da ruwan madatsar Tiga. Da ya ji bayani sai ya ce, "Kai yaro, ai bakin fangalinka ka fasa, alhali ba a sako ruwa daga babbar magudana ba."

Daren Juma'ar nan dai ludo suka buga a waya, wan ya cinye shi sau biyu.