Kiɗan Bakin Kwara: Daga Matsinkai Zuwa Lolo

Da kaka na je Matsinkai, lokacin da ake yankan shinkafa a fadamun ƙasar Bagudo, ruwan Kwara bai gama janyewa daga gonaki ba. Kiɗa ne ya kai ni. Wani abokina malamin makaranta, ɗan yankin, ya daɗe yana min gori cewa mu 'yan birni mun haddace Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, amma ba mu san abin da ake kaɗawa a bakin ruwa ba. Na ce to, gani ya kori ji.

Motar haya ta sauke mu a Bagudo, sauran tafiyar ta kabu-kabu ce cikin ƙura. Tun kafin mu shiga gari muka ji ganga daga fadama. Gayya ake yi. Samari sun jeru da lauje, makaɗi na biye da su a baya, laka har ƙauri, ganga rataye a kafaɗa. Duk wanda ya ga hannunsa ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya kira sunan kakansa, ya tuna masa yawan damman da tsohon yake ɗaurewa a yini. Nan take za ka ga yaro ya sunkuya ya ƙara wuta. Waƙar da Hausa ce, amma in ya zo kan wani saurayi sai ya juya harshe zuwa Dandanci, 'yan amshi su bi shi babu gargada. Ladansa damin shinkafa ne, a nan gona ake ware masa.

Da dare aka kai ni wurin wani tsoho daga cikin Dandawa, mai goge. Sai da muka gama gaisuwa, muka ci tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, sannan ya sa jikansa ya ɗauko gogen daga cikin buhu. Ƙwarya ce ƙarama da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarta izgar doki, wuyanta ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. Ya kara ta kusa da garwashi don fatar ta ɗame, ya goga ƙaro a jikin bakan, ya gwada, ya girgiza kai, ya sake gogawa. Jikan ya kifa babbar ƙwarya a kan yashi, ya riƙe tsinke a kowane hannu. Suka fara da taken biki, suka yi na 'yan kokawa. Can sai tsohon ya shiga wani take mai nauyi, a hankali, gogen na kuka ƙasa-ƙasa. Matan da ke hira a bayan danga suka yi tsit. Bai kai ƙarshe ba ya ɗage bakan.

Na ce, "Baba, ya ka yanke?"

Ya ce, "Malam, wanga na mutanen ruwa ne. In na ƙare shi, sai wani ya faɗi a nan. Kuma ga gidan liman kusa."

Mutanen ruwan da yake nufi su ne iskokin da Zabarmawa da Dandawa suka gada tun zamanin daular Songhai. Babbarsu Harakoy Dikko, wadda suke ɗauka uwar kogin ce, masu yi mata kirari kuwa Sarkawa ne, masunta da maharban dorina masu danganta kansu da Faran Maka Bote. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya bi Kwara a kwalekwale daga 1946 zuwa 1947, ya ɗauki fim ɗin farautar dorinar Sarkawa da waƙoƙinta a ƙasar Nijar 'yan shekaru bayan haka. Ni dai ban je neman bori ba, kuma na fahimci dalilin da ya sa garin Musulmi ke kawar da kai. Amma kunne ba ya ƙarya: gwaninta ce a hannun tsohon nan, wadda ba a samunta a shekara goma.

Muka bi ta Illo, tsohon garin ƙasar Bargu inda ake jin Busanci da Kyanganci gefe da gefe da Hausa, muka gangara bakin ruwa muka shiga jirgi mai inji zuwa Lolo, inda Kwara ke shigowa Najeriya. Jirgin cike yake da buhunan albasa, jarkoki, awaki, da mata masu ƙirga kuɗi rabi naira rabi sefa. A can ƙarshe wani yaro Bafillace ya zaro sarewa yana busawa don kansa, har sai da mai jirgi ya kunna lasifika ta danne shi. Katin waƙoƙin mai jirgin ma abin sauraro ne: waƙar Zabarmanci daga Yamai, sai ta fim daga Kano, sai Sani Ɗandawo na Yawuri, sai wa'azi. Ba wanda ya ce a canza. Gaba kaɗan da nan Malanbil ce ta Benin, da Gaya ta Nijar a ɗaya gaɓar, kuma makaɗan biki na ƙetarawa yadda masu kifi ke ƙetarawa.

Kogin nan ya kai kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini zuwa teku, kuma duniya ta san kiɗan samansa sarai. Ali Farka Toure na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, ya fara ne da molo da ƙaramin goge kafin ya kama jita, ya yi waƙa da Songhai da Fillanci, ya ci kyautar Grammy da faifan Talking Timbuktu na 1994. Turawa da suka ji shi suka ce ai wannan kiɗan bulus ne na baƙaƙen fatar bakin kogin Misisifi a Amurka, shi kuwa ya nace cewa tushen yana gida, reshe ne ya tsallaka teku. Shi kansa bulus ɗin, da yawansa ya tsira ne don an bi ƙauyuka da na'ura. A 1941 mai naɗar waƙoƙi Alan Lomax ya tarar da Muddy Waters yana aikin gonar auduga, ya naɗi muryarsa a can, daga baya Muddy Waters ya zama sarki a fagen.

A Lolo na tarar da ɗaurin aure. Ba ganga, ba goge, sai janareta da yaro mai kwamfuta. Uban ango ya ce min lissafi ne kawai: makaɗa sai ka ciyar da su, ka ba su masauki, ka yi musu kari, wannan kuwa kuɗi ɗaya ne ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Ga kuma halin tsaro, wanda ya sa ba a son taron dare ya yi tsawo. Ɗan tsohon mai goge kansa kabu-kabu yake yi tsakanin Tsamiya da Segbana, ya bar wa ƙaramin yaro ƙwarya.

Bikin kamun kifi na Argungu, da aka fara a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016, kuma ya cancanta. Sai dai kiɗan gayya da gogen Dandawa da sarewar makiyaya ba sa jiran biki, a gona da tsakar gida suke, wurin mutanen da shekaru suka ja. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Sakkwato da Birnin Kebbi, ga aikin digiri a ƙofar gida. Wayar da ke aljihunku ta fi na'urar Lomax nesa ba kusa ba. Ku je da kaka, ku nemi izinin mai gari, ku biya makaɗi hakkinsa, ku rubuta sunansa da na wanda ya koya masa.