Ƙofar da ta ƙi muryata

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na ɗora shirin gaishe-gaishe a shafin tasharmu. A ciki akwai saƙon wata tsohuwa daga Tasawa zuwa ga ɗanta da ke Sabha, wanda ba ya jin mu sai ta intanet. Na latsa in saurara. Sai 403 Forbidden.

Muryata ce, ni na naɗa, ni na ɗora, amma wai babu izini.

Na tashi mai kula da kwamfutocinmu daga barci. "Yaya, fayil ɗin a 600 yake, kai kaɗai ke iya buɗe shi," in ji shi. Apache kuwa da sunan www-data yake aiki, baƙo ne, ko leƙe ba a yarje masa ba. Na ce ai na ji ana sa 777 a huta. Ya ja tsaki. Wai cire ƙyauren gida ke nan don makulli ya ƙi.

Ya karanto, na buga da yatsa ɗaya: chmod 644. Mai shi ya gyara, saura su karanta kawai.

Tsohuwar ta fara magana. An yi ruwa, hatsi ya yi kyau, ya dawo gida ko bai samo komai ba.