GILASHIN KABAD ƊIN UWAR ƊIYANA

Yau zan ba ku labarin abin da ya faru a gidana, nan Baudeta, cikin kakar 2023.

Ran da aka kawo mini matata, an kawo ta da kabad, wanda wasu ke ce wa armuwar. Ƙofa biyu gare shi, kowace da gilashi mai zanen fure. Cikinsa take jera kwanukanta da tasoshinta da kofuna. Uwarta ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gujiya kafin ta haɗa mata wannan kaya. Kakanninmu ƙorai suke jerawa. Daga baya kwanuka masu fenti irin na Kano suka shigo, yanzu kuma ga kabad mai gilashi. Amma abin ɗaya ne: in mata suka shiga ɗakin mace, jerenta suke fara dubawa.

Wata ranar Laraba bunsurunmu ya tsinke igiya, ya faɗa ɗaki. Yara suka bi shi da sanda. Kafin a fitar da shi, gilashin ƙofa ɗaya ya tarwatse, ɗayan ya tsage. Na ce: "Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ciwo, a rataya zane a wurin." Ba ta ce mini komi ba. Tana da ciki wata tara, ta san ranar biki ɗakin zai cika da danginta da nawa. Da dare ta ce: "Malam, in ba hali, a sayar da akuyata a sayo sabo." Sa'an nan na gane abin da na ɗauka ƙarami, gare ta babba ne.

Akuyar nan da nononta ake yi wa yara fura. Rumbu kuwa ban yarda in taɓa shi ba, don hatsin da aka sayar da arha cikin kaka, shi ake saye da tsada in damina ta faɗi. Ga rago da goro na biki suna jirana. Lokacin nan kuma iyakarmu da Najeriya tana rufe tun watan Agusta, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024, kaya duk sun hau. Na duba katakon kabad, lafiyarsa lau, gara ba ta taɓa shi ba. Na ce gilashi kawai za a sake.

Nan ne na yi wauta, kuma zan faɗe ta. Ni da ke koya wa dattawa lissafi a allo kowane dare, sai na karyo karan dawa biyu, ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi, na tafi da su Tasawa. Mai yankan gilashi ya dubi karan, ya dube ni, ya yanka. Da na komo gida, gilashin ya ƙi shiga, ya ɗara ramin kaɗan. Na danna shi da tafin hannu. Sai na ji ƙas! Jikka biyu ta tafi, wato dala 400, ban da kuɗin kabu-kabu. Gilashi in an yanka, ba a mayar wa mai shi.

Da safe na je wurin wani tsohon kafinta na garinmu. Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce: "Ɗana, gilashi baƙo ne, ba a matsa masa." Ya ce katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani, gilashi kuwa ba ya lanƙwasa. In ka sa shi cif-cif, ko bai fashe yau ba, zai fashe in ruwa ya sauka.

Na aro metir wurin tela. Na cire ƴan siraran itacen da ke riƙe da gilashi ta ciki, a hankali, don zan sake aiki da su. Na auna daga cikin rami zuwa cikin rami, ba wurin da ido ke gani daga waje ba. Ƙofar dama ta ba ni tsawo santimetir 52, faɗi 31. Ta hagu faɗinta 30 da rabi. Kun gani, ƙofofin ba daidai suke ba, kowace sai an auna ta daban. Na rage milimetir 3 a tsawo, 3 a faɗi, na rubuta a takarda.

A Tasawa na tambayi gilashi mai zane. Kuɗinsa ya fi ƙarfina. Na sayi fari sumul, mai kaurin milimetir 3, wanda ya isa ga ƙaramar ƙofa. Na roƙi mai shago ya duba cikin guntayen da suka rage daga aikin tagogi, ya samu biyu da suka isa, ya yi mini rangwame. Na sa su tsakanin kwali biyu, na ɗaure da roba, na riƙe su tsaye bisa cinya har gida. Kada ku kwantar da gilashi a kan amalanke ko babur, rami ɗaya ya ishe shi.

Saura zane. Wannan ba dabarata ba ce, tata ce. Ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya ta uwarta mai zanen wuta. Na kwaikwayi zanen gefenta a takarda da alƙalami. Muka wanke gilashi da sabulu, ya bushe sarai, muka aza shi bisa takardar. Zane ya fito ta ƙasa. Ta riƙa bin sa da gashin kaza da ragowar fentin mai, kore da fari, da na samu wurin mai gyaran amalanke. Gefe-gefe kawai ta yi, ta bar tsakiya fili don kwanuka su bayyana. Hannunta ya fi nawa natsuwa nesa ba kusa ba. Muka kifa babban faranti a kai kwana biyu, saboda ƙurar hunturu.

Wajen sawa, gefen fenti yana duban ciki, don in ana goge ƙura daga waje kada ya kankare. Na yanko ƴan guntayen tsohuwar robar tayar keke, na shimfiɗa a ramin ƙasa, gilashi ya zauna a kai. Na mayar da siraran itacen da ƙananan ƙusoshi. Ina bugawa, kwali na tsakanin guduma da gilashi.

Abu guda kuma, ku makiyaya da manoma ku ji shi da kyau. Fasassun gilashin nan yara sun fara share su zuwa juji. Jujin nan shi muke kwasa mu kai gona taki. Ran noma, wa zai taka? Mu da ɗiyanmu, da dabbobin da ke kiwon kara bayan girbi. Na tsince su ɗaya-ɗaya, na bi daɓen ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, na zuba duka a ramin salga.

Ta haihu bayan kwana goma sha ɗaya, ɗiya mace. Ranar biki ina ƙofar gida wurin rabon goro, na ji gwaggona tana tambayarta ko daga Maraɗi aka kawo gilashin. Ban ji amsar da ta ba ta ba. Akuya tana nan, ta haifi biyu bana. Bunsurun dai shi muka sayar, aka cika kuɗin rago.

Malamin yaƙi da jahilci, Baudeta