Ɗakin Ƙurya

Ciwon ya fara ne ina jego, tun ban gama wanka ba. Barci ya ƙaurace mini. A kawo kunun kanwa, in zuba masa ido har ya huce. Jaririyar na tsala kuka a gefena, ni kuwa ina jin sa kamar daga gidan maƙwabta. Ranar da na ce akwai masu magana a bayan labule, Hajiya, uwar mijina, ta ce iska ce, wai na fita tsakar gida da magariba ba ɗankwali.

Aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka shafe ni da man habbatus sauda. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mijina, Malam, ya mai da ni ɗakin ƙurya, ya sa kwaɗo ta waje. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Amma in baƙi suka zo, ta taga nake jiyo shi yana cewa na tafi ganin gida.

Na ce, "Malam, don girman Allah a kai ni asibiti."

Ya ce, "Asibitin mahaukata na Dawanau? So kike a riƙa nuna ni a masallaci?"

Muryoyin ba su fi ba ni tsoro ba. Lokutan da hankalina ke dawowa sarai su ne azaba, don ba mai yarda. In yi kuka, ciwo ne. In yi shiru, ciwo ne. In nemi 'yata, a ce zan illata ta. Nono ya cika, ya yi tsami, ya ƙafe.

A watan Satumban 2019 na jiyo rediyon Hajiya yana cewa 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Ta yi ta salati tana tsine wa marasa imani, a zaune kan tabarma daf da ƙofar ɗakina.

Yayana ne ya zo ba sanarwa, ya ɓalle kwaɗon, ya kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon bayan haihuwa ne, sananne, kuma yana da magani. Kafin a sallame ni, takardar saki ta riga ni isa gidanmu.

Har yanzu muna kotu a kan riƙon yarinyar. Shaidar da Malam ya gabatar wa alƙali ita ce katin asibitina.