Tsirkiya Huɗu a Kakuri

A Kaduna ta wajajen 1984, mu makaɗan otal ba sai mun duba kalanda ba kafin mu san wata ya mutu. Masaƙun Kakuri ke gaya mana. Ranar da KTL da UNTL da Arewa Textiles suka biya ma'aikata, ranar ce ake ƙaro kujeru a filin otal ɗin da muke kiɗa, a yanka ƙarin kaji, mai otal ya saɓa babbar riga yana kai-komo. Ga ma'aikatan kamfanin haɗa Peugeot, ga na matatar mai, ga 'yan reluwe da ƙananan hafsoshin soja, kowa da waƙar da ya zo da ita a ransa. Aikinmu mu ba kowa tasa, yadda ya saba jin ta a kaset. Ba mu da waƙa ko guda tamu ta kanmu, kuma ba wanda ya taɓa neman ta a wurinmu.

Mu bakwai ne. Oga, mai kayan kiɗan, mutumin Anaca ne, shi ke riƙe da babbar jita. Mai ganga ɗan Kamaru ne, mawaƙinmu ɗan kudancin Kaduna wanda ya gogu a ƙungiyar mawaƙan coci, mai busa ƙaho kuwa tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya. Ni kaɗai ne ɗan Tudun Wada. Da Hausa muke cinikin abinci, da buroka muke faɗa.

Ɗaukar kaya na fara yi musu: in sauke lasifika, in naɗe waya, in sayo sigari. Da mai bes ɗinsu ya tattara ya nufi Legas neman babban suna, sai Oga ya dube ni ya ce, "Kai yaro, zo riƙe wannan." Jita ce ƙirar Japan da aka kwaikwayi Fender, mai dogon wuya, ga nauyi, tsirkiyarta huɗu masu kauri. Makon farko yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi, har kanta ta fito. Oga bai koya mini karanta rubutun kiɗa ba, don shi ma bai iya ba. Abu ɗaya ya ce mini, kuma ya maimaita shi har na gaji da ji: kada in kalli mawaƙi, kada in kalli 'yan rawa, in zuba ido a ƙafar dama ta mai ganga. Inda ya taka babbar ganga, nan zan sauke yatsa.

Sauran kuwa a kaset na koya, kuma nan wahalar take. Ƙaramar rikoda irin tamu ba ta fitar da bes. Muryar mawaƙi ce ke fitowa raɗau, da jita da ƙaho, amma abin da nake nema yana can ƙasa yana gurnani, ba a rarrabe shi. Mai gangarmu ne ya nuna mini dabara. Akwai wata tsohuwar randa a bayan ɗakinsa da ta tsage, ba ta riƙe ruwa. Sai in zura rikodar a ciki, in durƙusa in kanga kunne a bakin randar. Nan take sautin ƙasa ya kumbura ya cika ta, in ji kowane taku na mai bes ɗin a fili. In saurari ɗan guntu, in tsayar, in laluba a jita, in zaro kaset in sa biro in mayar da shi baya da hannu don kada batir ya ƙare. Matar maƙwabcinsa ta daɗe tana zaton tsibbu nake yi.

A bakin randar nan na san mutanen da ban taɓa ganin hotonsu ba. Kowa ya san Bob Marley, wanda ya rasu a 1981 amma a Kaduna waƙoƙinsa suka ƙara tashe bayan mutuwarsa. Kaɗan ne suka san cewa abin da ke kaɗa musu kafaɗa hannun Aston Barrett ne, mai bes ɗin Wailers. Shi ya fi ba ni wuya, ba don yawan abin da yake kaɗawa ba, sai don wuraren da yake yin shiru. A rege, bugun farko sau da yawa a buɗe ake barin sa, gangar ta faɗo a na uku. Sabon makaɗi yana tsoron shiru, gani yake in ya ɗaga hannu za a ce bai iya ba, sai ya cike ko'ina da amo, rege ya koma wani abu dabam. Na ga makaɗan da suka fi ni saurin yatsa nesa ba kusa ba, amma har suka bar sana'ar ba su iya barin wannan gurbin ba.

"Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976, ita ce waƙar da ba a tashi ba a yi ta ba. A faifai ma doguwa ce, a fili kuwa tsawonta ya danganta da liƙi: muddin akwai mai fitowa da kuɗi a hannu, Oga ba zai ɗaga wuyan jita ya ba da alamar tsayawa ba. Ni kuwa ina nan ina zagaya taku ɗaya har kafaɗa ta sage. Da makosar Sam Fan Thomas ta shigo gari a tsakiyar shekarun nan, mai gangarmu ya ɗauke ta abin gidansu, ba ya yarda a yi mata ha'inci. In na makara da ɗigo ɗaya zai juyo ya harare ni, bayan an tashi kuma in sha faɗa da Faransanci. "Billie Jean" ta Michael Jackson ita ce gwajin samari: da na fara takun nan nata, kafin mawaƙi ya buɗe baki, fili ya cika. Sai can dare ya raba, manyan ma'aikata masu furfura su aiko da 'yar takarda a yi musu Don Williams. Wannan kam hutu ne, sauti biyu ne kake kai-komo a tsakaninsu, ka bar mutane su rungumi tunaninsu.

Masu raina mai kwaikwayo ba su taɓa tsayawa gaban mutum ɗari da suka haddace waƙa ba. Mai waƙar kansa in ya kauce, ya ce haka ya tsara. Mu ba mu da wannan mafaka. Akwai wani ma'aikacin masaƙa da ke zama kusa da lasifikata, ba ya rawa, ba ya yawan magana, kwalba ɗaya yake riƙewa har a tashi. In na sauya ko da taku ɗaya a waƙar Jimmy Cliff, sai ya ɗaga yatsa ya girgiza kai. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Amma duk filin nan shi kaɗai ne na tabbata ni yake saurare.

Don kuwa liƙi ba ya zuwa wurin mai bes. Goshin mawaƙi yake zuwa, sai na Oga in ya matso gaba yana sa jita kuka, wani lokaci mai ƙaho. Ni ina can baya, jikin mai ganga. Yaro ne ke tsince kuɗin ya zuba a kwali, in an watse Oga ya cire na kaya, ya cire na mota, ya cire nasa, ya raba saura. Ban taɓa yarda da lissafin nan ba, amma kayan nasa ne, kuma a lokacin wanda ya mallaki amfilifaya shi ne sarki. Daren da tawa ta ƙone ana tsakiyar kiɗa, sauran ba su tsaya ba, sai dai 'yan rawa suka fara komawa kujera ɗaya bayan ɗaya, wasu na cewa mawaƙi ya gaji, wasu na cewa mai ganga ya sha. Ba wanda ya waiwayo inda nake tsaye da jita ba amo.

Wani lokaci akan ɗauke mu biki. A wata liyafar auren ɗan wani mai motocin haya, mun yi hailaif, mun yi disko, 'yan boko sun yi rawa sun gaji, sai uban ango ya aiko: a yi masa Shata. Oga ya dubi mawaƙi, mawaƙi ya dubi ƙasa. Yana jin Hausa sarai, amma ya san muryar nan ba abin wasa ba ce a gaban Hausawa. Ba kuma kaset ɗin da za mu kwaikwaya, don a kiɗan Shata ba jita balle bes, kalangu ne da amshi. Bala Miller ya riga ya nuna a garin nan cewa waƙar Hausa na hawa kan jita da ƙaho ta zauna daram, sai dai shi tsara abinsa yake yi tun daga tushe, mu kuwa a tsaye aka tare mu.

Na ce wa Oga ya bar ni in fara. Tun ina yaro kunnena ya cika da kalangu, a rediyo da bakin mahauta da gidan biki. Mai kalangu matse tsirkiyar yake yi a hammata ya ɗaga murya, ya saki ta sauka, shi ya sa gangar ke magana. Sai na danne tsirkiya ta biyu na ja yatsa sama, na sake shi ya zamo ƙasa, ina bin hawa da saukar da na sani. Ɗan Kamaru ya saurara kaɗan, ya ajiye sanda ɗaya, ya shigo da tafin hannu. Mai ƙaho ya ɗauki layin waƙar, mu duka muka zama 'yan amshi. Ba Shata ba ne, kowa ya sani. Amma dattawan da tun magariba suke zaune suka miƙe.

Alhajin ya ratso har bayan mawaƙi, ya manna mini sababbin takardu a goshi, sannan ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Kai Bahaushe ne?"

"E, ranka ya daɗe."

"Ɗan gidan wa?"

Na ce daga Tudun Wada nake, na tsaya nan. Bai ƙara tambaya ba. Kafin Juma'a magana ta isa gidanmu.

A gida an san ina aikin dare a otal, an ɗauka wajen kula da kayan wuta ne, ban kuma gyara musu zaton ba. Inna ce ta fara kira na ɗaki. Tambayarta ɗaya ce, ko ina sha. Na rantse mata ba na sha, ta ce to Allah ya tsare, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Baba kuwa ya yi kwanaki bai ce mini uffan ba. Wata safiya bayan mun fito masallaci ya rage tafiya har na cim masa.

"An ce kiɗa kake yi."

"Haka ne, Baba."

"Kana roƙo?"

"A'a, Baba. Biyanmu ake yi duk mako."

"Kana kiran sunan mutane kana wasa su?"

"Ni ko baki ba na buɗewa."

Ya yi shiru har muka kai ƙofar gida. Sannan ya ce mu ba gidan makaɗa ba ne, ba mu gada ba, kada in kawo masa abin nan cikin gida, kada kuma asuba ta same ni a waje. Bai ce na yi daidai ba, bai ce in bari ba. Jitar ta ci gaba da kwana a ɗakin ɗan Kamaru.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP darajar naira ta faɗi, komai namu ya yi tsada, don ba abin da ake ƙerawa a gida. Tsirkiyar bes ta zama abin da sai an yi shawara kafin a saya. In ta dushe saboda gumi da datti, sai in kwance ta in naɗe, in tafasa a tukunya, in shanya, ta dawo da ɗan ƙararta na wasu makonni. In ta tsinke kusa da gindi, a ƙulla. Rege ya sake tashe da Majek Fashek da Ras Kimono da Lucky Dube a ƙarshen shekarun nan, muka ɗan farfaɗo, amma aljihun ma'aikata ya riga ya yi sanyi. Masu otal suka gano cewa yaro ɗaya mai sa faifai ya fi mutum bakwai araha, ba ya cin abinci bakwai, ba ya neman mota.

Abin da ya ƙarasa mu fiyano ne. Ranar da na fara ganin irin na Yamaha mai kiɗa da kansa, wani saurayi ne ya danna maɓalli, ganga ta tashi, ya ɗora yatsu na hagu, sai ga bes yana tafiya shi kaɗai, ba makara, ba gajiya, ba kuma wannan gurbin da na sha wuya kafin in iya bari. Mutane suka yi rawa abinsu. A kan irin wannan fiyanon aka gina yawancin waƙoƙin finafinan Hausa da suka mamaye kasuwa daga ƙarshen shekarun 1990.

Oga ya sayar da rabin kaya ya buɗe shagon gyaran rediyo, ni kuma na karɓi jitar a madadin bashin da nake bin sa. Ɗan Kamaru ya koma gida. Mawaƙinmu ya koma coci, inda har yau ake buƙatar mai ganga na gaske da mai bes na gaske. Bayan rikicin Fabrairun 2000, da garin ya rabu kowa ya koma ɓangarensa na kogi, tafiya daga Tudun Wada zuwa Kakuri da dare ta daina zama abin da mutum zai yi don nishaɗi. Shi mawaƙin ne ya aiko mini cewa cocinsu a Sabon Tasha na neman bes. Muka haɗu da rana tsaka a Ahmadu Bello Way, ya zo da wani yaro da zai riƙa kaɗa ta. Yaron ya juya ta, ya duba wuyan, ya ce tsirkiyar ta mutu, a rage masa kuɗin sabuwa. Na rage, na kuma gaya masa ya fara gwada tafasa ta.