Ƙafar da Ba a Gani

A ƙasar Faransa akwai wata irin mota da ake kira kamfin-kar, wato mota mai ɗaki: da gado a ciki, da murhu, da wurin wanka, da tankin ruwa. Da yawa daga masu ita dattijai ne da suka aje aiki, kuma galibi bisa gangar Fiat Ducato ake gina ɗakin, motar da ake ƙerawa a Atessa ta ƙasar Italiya tun 1981. Wanda ya san Peugeot J5 a tashoshin Maradi da Damagaram ya san danginta, domin J5 da Ducato ta farko uwa ɗaya uba ɗaya suke, masana'anta guda ta fitar da su.

Wani tsohon malamin lakkol, bayan shekara talatin da ƴan kai yana riƙe da alli, ya tattara abin da ya aje, shi da uwargidansa, suka sayi irin wannan mota ta hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a ba shi mai feda uku. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da gajiya, taka ambiriyaji (abin da maƙwabta na Nijeriya ke ce wa kuloci) ya zame masa azaba. Sai aka nuna masa wadda ke da buwat da ake kira Comfort-Matic, feda biyu kacal, burki da totur. Ya biya, ya koma gida yana faɗa wa kowa cewa motarsa ba ta da ambiriyaji.

To, nan ne kuskurensa yake, kuma kuskure ne da mutane da dama suka yi. Comfort-Matic buwat ce ta hannu mai bitesi shida, da faifan ambiriyaji irin na kowace mota. Abin da aka cire ƙafar direba ce da hannunsa. A madadinsu aka ɗaura wata na'ura da makanikai ke kira robo: famfo mai aiki da lantarki yana tura mai da ƙarfi, man yana motsa fistoci, ɗaya ya taka ambiriyaji, sauran su sa bitesi, wata ƙaramar kwamfuta tana ba da umurni. Ƙafar hagu tana nan, sai dai ba a ganinta.

Kamar dubban ƴan uwansu masu fansho, niyyarsu su yi hunturu a Maroko, inda sanyi ba ya shiga ƙashi. Sun biya kuɗin jirgin ruwa daga Sète zuwa Tanja, saura kwana takwas ya tashi. Suka biyo babbar hanyar A75 daga Clermont-Ferrand, suka sauka garin Millau suka kwana, don uwargida ta ga gadar nan mai tsayin mita 343 da aka buɗe a 2004. Da safe suka kama hawan tsaunin Larzac. Tsakiyar hawan aka tarar da masu gyaran hanya, motoci suna tafiya taku-taku. Can sai aka ji ƙararrawa, allo ya nuna harafin N, injin na kuka amma mota ba ta gaba, har ta soma zamewa baya. Malam ya danne burki, zufa ta karyo masa cikin sanyi. Ya kashe, ya jira, ya tayar, ta ɗauka. Bayan tafiya kaɗan ta sake.

Garejin farko da aka ja su zuwa gare shi babba ne, tsaf-tsaf, da wurin zama da kofi. Wani saurayi ya jona na'urar bincike da suke kira baliz, ya karanta lambobin da ta nuna, ya ce robo ne ya mutu, sai an sake shi ɗungum, kuma kayan ba za su iso ba kafin mako uku. Kuɗin da aka rubuta a takarda ya haɗiye fanshon watanni. Ba za a ce saurayin ya yi ƙarya ba. Baliz ta ce ambiriyaji bai kai inda aka aike shi ba, shi kuwa ya ɗauka ɗan aiken ne ya ƙi zuwa. Bai tambayi ko hanyar ce ta yanke ba.

Daren nan malam bai runtsa ba. Ba jirgin ruwa kaɗai ke ransa ba. In motar ta zama mai cin kuɗi haka, dole a sayar da ita da hasara, kuma gwiwarsa ba za ta yarda da wata mai feda uku ba. Ke nan yawon da suka yi shekaru suna mafarkinsa ya ƙare tun bai yi nisa ba.

Mai motar jan kaya ne ya kwatanta musu wani dattijon makaniki a wani ƙauye kusa, wanda yake aiki da ɗiyarsa. Abin da dattijon ya fara yi ya ba malam mamaki. Bai buɗe gaban mota ba. Ya ce a rufe ƙofofi duka, a bar ta ta huta, sa'an nan ya buɗe ƙofar direba ya karkata kunne. Aka ji wani ɗan gunji na ƴan daƙiƙoƙi, ya tsaya.

"Mushe, ka ji wannan? Famfon ne. Da zarar ka buɗe ƙofa yake tara ƙarfi, tun ba ka zauna ba. Ya yi, ya tsaya da wuri. Wannan lafiyarsa lau."

Ya bayyana masa cewa kusa da famfon akwai wani ƙwallon ƙarfe mai iskar azot a ciki, shi ne rumbun da ke riƙe ƙarfin man. In ƙwallon ya tsufa, famfo ba ya hutawa, kowane canjin bitesi sai ya tashi, har ya yi zafi ya ƙone. Suka tayar da mota a tsaye, ɗiyar tana duban allon kwamfutarta tana kiran abin da ta gani, uban yana sa bitesi yana cirewa. Rumbun yana riƙewa. Suka auna batir na injin, ba na ɗaki ba, don mota irin wannan batir biyu gare ta, kuma robo ba ya jure ƙarancin wuta: volt 12,6 cif. Suka duba ɗan makunnin da ke bayan fedar burki, wanda in ya lalace kwamfuta ba ta sanin direba ya taka, sai ta hana bitesi shiga. Shi ma ba laifi. Duk wannan bai ci rabin sa'a ba.

Daga nan dattijon ya tura hannu wani lungu ya buɗe wata ƴar kwalba da malam bai taɓa sanin da ita ba. A Ducato, robo ba ya taɓa ambiriyaji kai tsaye. Yana da nasa man a babbar kwalba, amma tsakaninsa da ambiriyaji akwai wata hanya daban da ke aiki da ruwan burki, DOT 4, a wannan ƙaramar. Ruwan da ya kamata ya zama garai-garai kamar shayi maras ƙarfi ya koma baƙi, ya kusa ƙarewa kuma.

Ruwan burki yana shan laima daga iska, ko mota na tafiya ko tana aje. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. Wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Shi ya sa ake cewa a sake shi duk shekara biyu. Na burki an riƙa sakewa, na ƴar kwalbar nan an manta da shi. Kamfin-kar kuwa tana yaudarar mai ita: kilomita kaɗan a kanta, amma wata da watanni tana tsaye, robobin ciki suna bushewa, in ta tashi kuma tana ɗauke da kusan tan 3,5, iyakar abin da lasin ƙaramar mota ya yarda. Dattijon ya kwanta ƙarƙashi da tocila, ya shafo gindin buwat, ya fito da yatsa a jiƙe.

"Ga ɓarawon. Fistan da ke tura ambiriyaji ne ke yoyo. In ya yi zafi ba ya kai iyaka, kwamfuta ta ji tsoro ta jefa ka N don kada haƙoran buwat su karye. Robonka ba abin da ya same shi."

Labarin bai zama mai daɗi duka ba. Fistan nan a cikin ƙoƙon buwat yake, kewaye da sandar da ke shiga injin, ba a kai gare shi sai an sauke buwat gaba ɗaya, aikin yini cur ga mutum biyu. Da aka sauke, faifan ya sha ruwan burki, farantin da ke danne shi kuma ya yi tabo shuɗi-shuɗi, alamar ƙuna. Dattijon ya juya shi a hannu, ya dubi malam ta saman tabarau.

"Mushe, in ka tsaya a hawa, da me kake riƙe ta?"

Malam ya yi shiru, irin shirun da ɗalibansa suka saba yi masa. Da totur yake riƙe ta. Haka kuma kowace yamma yake lallaɓa ta bisa katakan daidaita ɗaki, a hankali a hankali, don gado ya kwanta sosai. Wanda ke da feda uku ba zai yi haka ba, ƙafarsa za ta gaya masa faifai na goguwa. Shi ba ƙafar da za ta gaya masa. Uwargida, wadda ta sha cewa tana jin ƙauri, ba ta ce uffan ba, ta dai gyara zama.

Aka sa sabon faifai, da faranti, da fista. Aka gwada babban faifan injin mai ɓari biyu, aka ga wasansa bai wuce ƙa'ida ba, aka bar shi. Saura aikin da dattijon da kansa ya ce ba nasa ba ne. Kwamfuta tana tune da tsohon faifai da ya cinye. In ba a koya mata kaurin sabon ba, sai ta riƙa fizgar mota ko ta ƙona shi. Ɗiyar ta jona na'urarta, suka fitar da iskar da ke cikin bututu, ta sa robo ya taka ya saki, ya taka ya saki, har ya gane daidai inda faifai ke fara kamawa.

"Baba, ta karɓa," in ji ta.

Kamfanin Fiat ya bar wannan tsari a 2019, ya koma ga buwat otomatik ta gaske mai bitesi tara, amma masu robo suna nan da yawa bisa hanya, kuma suna sauya hannu. Kuɗin da malam ya biya ya yi zafi, sai dai bai kai na takardar farko ba, wadda da an bi ta da yoyon yana nan. Dattijon ya rubuta ranar sake ruwan a ɗan kwali ya ɗaure a wuyan ƴar kwalbar. Ana saura kwana biyu jirgi ya tashi suka sake kama hawan Larzac. Masu gyaran hanya suna nan inda aka bar su. Da layi ya tsaya, malam ya ɗage ƙafa daga totur, ya danne burki, ya jira.